ANA MUZURU ANA SHAHO: YADDA ZA KI TSARE KAJINKI

Yau zancenmu a kan kaji ne da abokan gabansu, na sama da na ƙasa. Na keɓe maganar musamman ga matan ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, amma duk mai akurki a bayan ɗakinta za ta sami abin ɗauka.

Hausawa na cewa, zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wannan gaskiya ne. To, amma ki lura 'yar'uwa, karin maganar nan ya gaya mana sunan ɓarayi biyu, ɗaya na dare, ɗaya na rana. Wadda kuwa ta san ɓarawonta, ta kuma san lokacin zuwansa, ai ta sami rabin magani. Sauran rabin bai wuce kwando da sakata ba.

KAZA ASUSUN MACE CE

Kowace mace ta san amfanin kaza. In baƙo ya sauka ita ce fita kunya. In yaro ya kwanta da zazzaɓi ita za a kama a kai kasuwa a sayo magani. Kuɗin littafi da fensir da takalmin makaranta, sau da yawa daga akurki suke fitowa ba tare da an jira maigida ba.

A yammacin jihar Zamfara maganar ta wuce haka. Shekarun nan na satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun raba gidaje masu yawa da shanunsu da tumakinsu. Hare-haren watan Janairu na 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kaɗai sun tashi dubban mutane daga gidajensu. A watan Agusta na 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a garin Gummi. Matar da ta rasa saniya da tunkiya, abin da za ta iya sake farawa da shi a ɗan kangon da ta samu shi ne kaza ɗaya da ƙwanta. Saboda haka tsakon da shirwa ta sura a irin wannan gida, jarin gidan aka taɓa.

Bari mu yi ɗan lissafi kamar muna cikin aji. Kazar Hausa takan yi kwanci wajen sau 3 a shekara, kowane kwanci kwana 21. Mu ɗauka duk kwanci tana ƙyanƙyashe 'yan tsaki 10, watau 30 ke nan a shekara. In 3 kaɗai ke rayuwa cikin kowane 10, kin tashi da kaji 9. In kuwa kika kula har 7 suka rayu, kin tashi da 21. Kaza ɗaya ce, ƙwai iri ɗaya ne, amma bambancin ya kai kaji 12. Masana kiwon kaji a ƙauyukan Afirka sun daɗe suna nuna cewa wajen rabin 'yan tsakin da ake saki ba sa kai wata 2 a duniya, kuma namun daji da tsuntsaye suna da babban kaso cikin wannan hasara, tare da cuta da yunwa.

KI SAN ƁARAWONKI

Kowane ɓarawo yana da irin sawun da yake bari. In kin iya karanta sawun, ba za ki ɓata ƙarfinki kina toshe ramin ɓera alhali ɓarnar daga sama take zuwa ba.

Shaho da shirwa da rana suke aiki. Za ki ji uwar ta yi kururuwa, 'ya'yan sun watse, in kin ƙirga ki ga babu ɗaya, kuma ba jini ba gashi. Sun fi yin ɓarna bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da fili ya yi fayau babu ciyawar da tsako zai laɓe. Hankaka kuma ƙwai yake fasawa ya shanye, yana kuma ɗaukar tsakon da bai yi ƙwari ba.

Muzuru da dare yake zuwa, ya kama tsako ko sagara ya haura katanga da ita. Da safe sai ki tsinci fiffike da gashi a bayan gida. Tunku da inyawara sun fi shi mugunta, gama in suka shiga akurki sukan kashe kaji da yawa a lokaci guda, su cije su a wuya ko a ka, su ci kaɗan su bar saura. Kare da dila kuwa tono suke yi ta ƙarƙashin danga, kuma za ki ga gashi a warwatse ko'ina.

Ɓera, ko kusu kamar yadda muke cewa a nan, yakan janye tsako daga ƙarƙashin uwarsa cikin dare ya gaigaye shi. Gafiya ta fi damuwa da hatsi, amma ramin da take haƙawa shi ne hanyar da maciji ke bi. In ƙwai yana ɓacewa ɗungurungum babu ko ɓawo, ko kika tarar da kaza mai kwanci ta mutu a kan ƙwanta, ki yi zargin gamsheƙa ko kumurci. Matan da ke kusa da gulbin Zamfara da fadamun Gummi suna da ƙarin abokin gaba, watau guza, wadda ke shiga da rana tsaka ta haɗiye ƙwai da 'yan tsaki.

Akwai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Shi ba ya barin gashi, ba ya ɗaukar ramammiya, kuma ya fi zuwa gab da salla. Har ƙofar akurkin yakan mayar miki ya rufe. Maganinsa kwado.

MAGANIN ƁARAWON RANA

Shirwa ba ta iya ɗaukar babbar kaza. Tsako take nema, daga ranar ƙyanƙyasa har zuwa mako 6 ko 8. To, dabarar ita ce ki ɓoye shi a wannan ɗan lokaci kawai.

Ki sami babban kwando mai faɗin gindi, saƙar da tsako ba zai iya zurarewa ba, ki kife uwar da 'ya'yanta a inuwa. Ki ɗora dutse a kai don kada kare ko akuya su ture. Kowace safiya ki matsar da shi zuwa wuri mai tsabta, domin kashin da ya taru shi ke kawo cuta. Mako 2 ko 3 na farko su wuni a ciki. Bayan haka a riƙa sakinsu a lokacin da akwai mai zama a tsakar gida, kamar da la'asar in yara sun taso daga makaranta, har su yi fiffike su iya gudu.

Amma fa ki ji wannan da kyau. Tsakon da kika kife ba shi da ikon fita kiwo, saboda haka abincinsa ya koma wuyanki. In kika kife shi kika manta, kin ƙwace shi daga shirwa kin miƙa wa yunwa. Ki ba shi tsakin gero ko na dawa ko na masara, da dusa, sau 3 ko 4 a yini. Gara tana gina jikin tsako ƙwarai. Yara su cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, su yayyafa ruwa, su kife ta inda gara ke fitowa da yamma, da safe a juye wa 'yan tsaki. Ki ƙara musu yankakken ganyen zogale. Ruwan sha kuwa a kasko marar zurfi, a zuba 'yan duwatsu a ciki don kada tsako ya faɗa ya nutse.

Sa'an nan ki yi musu mafaka a tsakar gida. 'Yar rumfar kara mai tsawon kamu ɗaya daga ƙasa ta isa, yadda da zarar zakara ya yi gargaɗi za su ruga ƙarƙashinta. Wadda ke da hali ta keɓe wani lungu ta shimfiɗa raga a samansa. Tsohuwar komar masunta tana yin wannan aiki, kuma a ƙasar Gummi ba ta wuyar samu. Tsohon gidan sauron da ya yayyage har aka daina amfani da shi ma yana yi. Amma don Allah kada a cire wanda yara ke kwana a ciki a rufa wa kaji, gama zazzaɓin cizon sauro ya fi shirwa ɓarna.

Kada ki rabu da zakara gaba ɗaya. Shi ne mai gadi, idonsa kullum yana sama. Zabi ma haka, da sun ga baƙon abu sai su cika gida da kuka. A wasu ƙasashen Afirka ta Gabas, irin su Kenya da Tanzaniya, mata kan rina 'yan tsaki da launin shuni ko ja don su rikita shaho. Dabara ce mai taimako, amma ba ta maye gurbin kwando.

Masu sayen kajin zamani, irin su Noiler da Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, su ƙara kula. Waɗannan a inji aka ƙyanƙyashe su, ba su da uwar da za ta koya musu gudu ko ta tare musu faɗa. Noiler kuma tana da nauyin jiki, ba ta da zafin naman kazar Hausa. In kika sake su kamar na gida, kin yi wa muzuru walima.

MAGANIN ƁARAWON DARE

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akurkin ƙasa irin namu na gado yana da kyau, ba shi da tsada, yana da sanyi da bazara da ɗumi da hunturu. Aibinsa guda ne, yana tsagewa, ɓera kuma yana huda shi.

Ga gwajin da za ki yi gobe da hantsi. Ki saki kajin, ki tabbata babu kome a ciki, sa'an nan ki duƙa ki leƙa. Duk inda kika ga haske yana shigowa, to, ƙofa ce. Duk kafar da babban yatsanki zai shiga, ɓera da ƙaramin maciji za su shiga. Ki kwaɓa ƙasa ki toshe. In ramin ɓera ne, ki cusa duwatsu da fasassun kwalabe tukuna kafin ki yaɓe, don kada ya sake tonewa. Ƙasan akurkin a daɓe shi sosai, in da hali a shafe da siminti. Yaɓen waje kuwa a sabunta shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Kada kuma tsoron maciji ya sa ki toshe ko'ina, kaji su mutu da zafi. A bar kafofin iska daga can sama, a rufe su da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda idonta bai wuce rabin inci ba. Ragar nan mai manyan idanu da aka fi sayarwa tana hana kaza fita ne kawai, ɓera da maciji suna ratsa ta, kare kuma yana yaga ta. In da raga za ki kewaye wurin, ki roƙi maigida ko samarin gida su binne gindinta kamar ƙafa ɗaya cikin ƙasa, saboda masu tono.

Babbar magana ita ce ƙofa. Faifai ko tsohon kwano da aka jingina aka tokare da dutse ba ƙofa ba ne, muzuru da hannu ɗaya yake ture shi. Kafinta ya yi miki 'yar ƙofar katako ko ta kwano wadda ta cika bakin akurkin daidai, da sakata, da wurin sa kwado. Kuɗinta bai kai na kajin da tunku zai kashe miki a dare ɗaya ba.

Inda ruwa ke kwanciya, kamar unguwannin da ke gefen gulbi, akurkin ƙasa yakan jiƙe ya zube, ambaliya kuma tana koro macizai da ɓeraye zuwa cikin gidaje. A irin wannan wuri gara akurkin katako mai ƙafafu, tsawon kamu 2 daga ƙasa. A kife tsohon gwangwani ko mazurarin kwano a jikin kowace ƙafa, bakinsa yana kallon ƙasa, yadda ɓera in ya hau zai tarar da rufi. A zuba toka a gindin ƙafafun saboda kwarkwasa da cinnaka.

Ki dubi kuma abin da ke kewaye da akurkin. Tarin itace da kara da harawa da bola duk gidan ɓera ne, maciji kuwa ɓera yake bi. A nisanta su. A share ciyawa a bar fili fes kewaye da akurkin. Kada a bar ragowar dusa ta kwana a ciki. Ƙwan da ba na kwanci ba a kwashe shi kullum.

Sa'an nan sai aikin da ya fi kowane sauƙi, ya kuma fi kowane muhimmanci. Kowace rana kafin magariba a ƙirga kaji, a kora su ciki, a sa sakata. Dare ɗaya da aka manta ya isa. Kajin da ke kwana a kan bishiya ko katanga na Allah ne da muzuru. Don su saba, ki riƙa watsa musu ɗan tsaki a bakin akurkin da yamma. In kuwa kajin da suka saba shiga da kansu suka fara ƙi, kada ki tilasta musu. Suna gaya miki wani abu ne. Ko dai ƙuma da ƙwarƙwata sun cika wurin, sai a share a zuba toka, ko kuwa akwai baƙo a ciki.

ABUBUWA UKU DA ZA A KIYAYE

Na farko, kada a aiki yaro ya zura hannu cikin akurki da duhu. A haska da tocila, a taɓa da sanda tukuna. Ƙwai ba ya kai ran ɗa. In maciji ya tofa wa mutum dafi a ido, a wanke nan da nan da ruwa mai tsabta mai yawa, a tafi asibiti. In sara ne, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana mutumin yawan motsi, a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa.

Na biyu, a guji guba. Shinkafar ɓera da fiya-fiya da ake barbaɗawa a abinci don muzuru ko ɓera, kaji ne ke fara tsincewa, ga kuma yara masu rarrafe. Tarko ya fi, a ɗana shi da dare inda kaza ba ta kai, a ɗauke da asuba. Mujiyar nan ma mai farar fuska da ake jifa saboda camfi, yawancin abincinta ɓeraye ne, mai taimakonki ce. In kajinki suna rufe babu ruwanta da su.

Na uku, kada tsoron ɓarayi ya sa ki kwana da kaji a ƙarƙashin gado. Kashinsu da ƙurarsu suna cutar da yara. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a jihar Kaduna a 2006, ma'aikatan lafiya ke gargaɗi a raba makwancin mutane da na kaji.

IN BABU CIZO BABU JINI

Ba kowace mutuwar kaza ce aikin muzuru ba. In kaji suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, suna gyangyaɗi, suna koren zawo, wuyan wasu yana murɗewa, musamman da hunturu, wannan annobar nan ce da likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasul. Sakata ba ta hana ta. Rigakafinta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, har da irin wanda ake ɗigawa a ido. Ki tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalili na musamman na lura da mutuwar tsuntsayen gida. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Daga baya mutanen ƙauyukan suka shaida wa masu bincike cewa agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Saboda haka in kaji da agwagi suna mutuwa babu cizo babu jini, kada a ci, kada a sayar, a binne su da zurfi, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya.

AIKIN GIDA GA 'YAN MAKARANTA

Ku kuma 'yan mata, ga naku aikin. Kowace ta ware shafi biyu a bayan littafinta na lissafi. Ki rubuta ranar da kazar innarki ta ƙyanƙyashe da yawan 'yan tsakin. Duk wanda ya ɓace ki rubuta ranar, da dare ne ko da rana, da alamar da aka gani. In an yi wata 2 ki ƙirga nawa suka rage. A kwanci na gaba ku yi amfani da kwando da sakata, ki sake rubutawa, sa'an nan ki gwada lissafin biyu. Ki kuma karɓi aikin rufe akurki ya zama naki, kamar yadda ɗaukar ruwa da shara suke da masu yinsu. Aikin da aka bar wa kowa, ba mai yinsa. Ke kuma uwargida, in yarinya ta riƙe amanar nan, ki ba ta sagara ɗaya ta zama tata. Da ita za ta sayi littafinta na baɗi.

Wadda ta gwada, ko take da wata dabara da ta gada wurin kakanninta, ta rubuto mana don sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.